Ina siyasar take a fim ɗin Sairat, tunda ni soyayya kawai na gani?

Wata ƙanwarmu ɗalibar jami'a ce ta turo tambaya, ta ce: "An ba mu aiki mu zaɓi fim ɗin soyayya na matasa masu tasowa mu fito da al'ada da siyasar da ke cikinsa. Na ɗauki Sairat don ina son shi sosai, amma da na zauna rubutu sai na ga ba abin da zan ce banda ɗan talaka ya so 'yar mai kuɗi iyaye suka ƙi. Dan Allah ina siyasar take?"

Toh ƙanwata, zaɓen kam kin yi mai kyau, amma wannan maganar taki ta ɗan talaka da 'yar mai kuɗi ita ce ta rufe miki ido. Kuma ba laifinki ba ne, mu nan da finafinan Hindi muka taso, inda kusan kullum rigimar kuɗi ce, uban yarinya na da gidan sama uban yaro direba ne, a ƙarshe yaron ya yi arziki ko ya ceci ran surukin a rungume juna a tashi. Sairat ba daga wannan gidan ya fito ba. Fim ne na yaren Marathi daga jihar Maharashtra, ya fita a watan Afrilun 2016, kuma abin da ya raba masoyan fim ɗin, saurayin Parshya da budurwar Archi, ba abu ne da kuɗi ke gyarawa ba, asali ne, wanda su suke kira jati, a ciki aka haife ka a ciki za ka mutu ko da ka zama likita ko alƙali. Zan faɗi yadda fim ɗin ya ƙare a ƙasa, wanda bai kalla ba ya sani tun yanzu.

Fara da sunaye. Cikakken sunan yarinyar Archana Patil, kuma Patil a can asalinsa sarauta ce ta mai gari, yawancin masu ɗauke da sunan 'yan Maratha ne, al'ummar da ta kai wajen kashi 30 cikin ɗari na mutanen jihar, su ke da gonaki, su ke riƙe da kamfanonin sukari na haɗin gwiwa da bankunan manoma da makarantu masu zaman kansu, kuma tunda aka kafa jihar a 1960 mafi yawan waɗanda suka shugabance ta daga cikinsu suka fito. To kinga wannan gonar raken da kike gani suna ɓuya a ciki, da ta ayaba, ba don kyan hoto kawai aka sa su ba, a gundumar Solapur inda aka ɗauki fim ɗin rake shi ne kuɗi, kuɗin rake kuma shi ke kawo kujera. Uban Archi, wanda kowa ke kira Tatya, mai gona ne kuma ɗan siyasa, abu biyun a hannu ɗaya suke. Shi kuwa Prashant Kale, wato Parshya, ɗan masunci ne daga ƙasan tsarin, ubansa a ruwa yake neman abinci. Da ƙyar za ki ji an ambaci sunan jatin wani ɓaro-ɓaro a fim ɗin, don ɗan Maharashtra ba ya buƙatar a gaya masa, da ya ji suna ya ga gida ya ga sana'a ya gama sanin waye sama waye ƙasa. Mu da muke kallo daga nesa ne sai mun nemo wannan da kanmu, in ba haka ba rabin fim ɗin ya wuce mu.

Daraktan ma ki san shi, Nagraj Manjule. Ɗan ƙauyen Jeur ne a yankin Karmala, nan inda ya kai kyamararsa, kuma daga al'ummar Wadar ya fito, masu sana'ar fasa dutse, waɗanda su ma a ƙasa ake ajiye su. Jaruman nasa biyu, Rinku Rajguru da Akash Thosar, ba su taɓa fim ba kafin wannan, 'yan yankin ne, da karin harshen ƙauyen suke magana ba Marathin 'yan boko na birnin Pune ba. Wannan kansa matsaya ce.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe, don shi zai buɗe miki sauran. A irin wannan fim kar ki tsaya jiran wani ya miƙe ya yi jawabi a kan zalunci. A kowace fitowa ki tambayi kanki, waye ya yi abu ya kwana lafiya, waye kuma ya biya kuɗin abin da bai ma yi ba. Ɗauki Prince, ɗan'uwan Archi. A cikin aji, gaban ɗalibai, ya ɗauke malaminsa da mari don malamin ya yi masa magana, me ya biyo baya? Ba a kore shi ba, ba a kira 'yan sanda ba, da maganar ta je gaban Tatya malamin ne ma aka nuna wa cewa ya kamata ya san 'ya'yan manyan gari. Wannan 'yar gajeriyar fitowar ta gaya miki kwalejin ta waye. Sai ofishin 'yan sanda, bayan an kamo su a gudun farko, ki duba yadda ake shirya ƙarar ƙarya a kan Parshya da abokansa cewa sace ta suka yi, yarinyar na tsaye tana cewa da ƙafarta ta bi shi amma ba wanda ke rubuta nata, sai da ta fizge takardar ta yaga. Makaranta tasu, ofishin 'yan sanda nasu, filin wasan kurket ɗin da fim ya buɗe da shi ma Tatya ne ke raba kyauta a kan dandamali. Kuma a wannan dandamalin ne ya yi wa abokan hamayyarsa gori cewa waɗanda suka kasa riƙe matan gidansu ina za su iya riƙe jama'a. Ki sa alama a wannan maganar, don da bakinsa ya ɗaure kujerarsa a jikin 'yarsa, ranar da ta gudu ba 'ya kawai ya rasa ba, girmansa a jam'iyya ya zube, kuma fim ɗin ya nuna miki shi daga baya an ture shi gefe.

Sai Archi, wadda a ganina a kanta ya kamata rabin rubutunki ya tsaya. Kowa na sonta kuma da dalili, yarinya ce da ke hawa babur ɗin Bullet ta shiga kwaleji, ta tuƙa tarakta har ƙofar gidan su Parshya, ta zo rijiya ta kori samari ta ce su fito ita da ƙawayenta za su yi wanka, a aji ita ke zuba masa ido har ya rasa inda zai sa kansa, ita ta fara furta so, da ɗan'uwanta Mangya ya taɓa shi ita ta tsawatar, da aka zo kashe su ita ta ɗauki bindiga. Masu sharhi da yawa sun tsaya a nan suka ce ga jaruma mai 'yanci an juya al'ada, mace ke ja namiji na bi. Gaskiya ne amma rabin gaskiya ne. Ki tambaya, da wane ƙarfi take korar samari daga rijiya? Ƙanwar Parshya za ta iya? Wallahi ba za ta iya ba, ko kusa. Samarin nan ba Archi suke tsoro ba, sunan Patil suke tsoro, izzar da take tafiya da ita ta gidan ubanta ce, aro aka ba ta, kuma sharaɗin aron shi ne kar ta taɓa abu guda, wato wanda za ta aura. Ranar da ta taɓa shi aka karɓe kayan.

Shi ya sa zangon Hyderabad, birnin da suka gudu zuwa, ya fi komai muhimmanci duk da shi ne mutane ba sa son maimaitawa. Sun sauka garin da ba yarensu ake yi ba, Telugu ake yi, masauki an hana su, sun kwana a tasha, wasu 'yan iska sun zo da sunan hukuma za su ja ta, ba wanda ya san waye Tatya balle ya ji tsoro, sai wata mata mai suna Suman, wadda suke kira Akka wato yaya, ita ma 'yar Marathi da rayuwa ta jefa can, ta kore su ta kai yaran ɗakin kwano a unguwar marasa galihu. Ki kalli fuskar Archi ranar da aka nuna mata banɗakin haya na unguwa, yadda take toshe hanci, ki kalli yadda ruwan sha ma sai ta yi ta juya shi, girki ba ta iya ba, ta koma aikin kamfanin cika kwalabe, shi kuma yana soya dosa, wata irin wainar shinkafa, a teburin Akka. Parshya bai sha wahalar wannan sauyin kamar ita ba don shi dama ya san talauci, ita ce ta faɗo daga sama. To girman da ake cewa matashi ya yi a irin wannan fim, nan yake, ba ranar da suka fara soyayya ba, ranar da ta gane cewa abin da take ɗauka halinta ne ashe rabinsa gadon gida ne, kuma ta zauna ta gina wani ƙarfin da hannunta, albashinta, babur ɗinta ƙarami da ta saya da guminta tana tuƙa miji da ɗa a baya. Wannan na biyun nata ne na kanta, kuma ni shi ya fi burge ni fiye da Bullet ɗin.

Kar kuma ki wanke Parshya tas. A Hyderabad zargi ya shige shi, yana bincikar wayarta, har ya mare ta a bainar jama'a. Yaron da aka taka saboda asalinsa, da ya samu wadda yake ganin a ƙarƙashinsa take a matsayin mata sai ga shi ya ɗaga hannu. Manjule bai ɓoye wannan ba don ya kare ɗan ƙasan tsarin, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai, don danniyar asali da danniyar mace tare suke tafiya a fim ɗin amma ba kullum mutum ɗaya ke shan su ba.

Ki lura da ginin fim ɗin ma, don yadda aka jera shi magana ce. Kusan awa uku ne, kuma duk waƙoƙin nan guda huɗu na mawaƙa Ajay da Atul a zangon farko suke, da hoto mai tafiya a hankali da tsuntsaye da faɗuwar rana a kan ruwa, duk abin da fim ɗin Indiya ya saba ba mu an ba mu har mun ƙoshi. Suna hawa jirgin ƙasa sai aka ɗauke, ba waƙar rawa ko ɗaya a zango na biyu, sai ƙarar titi da ta injin kamfani. Da gangan ne, ya jawo mu da zaƙin da muka saba sannan ya nuna mana abin da sauran finafinan ke yankewa bayan masoya sun gudu. Ko waƙar Zingaat da ake ta rawa da ita, ki sake kallo ki ga inda kowa ya tsaya, bikin zagayowar haihuwar Prince ne a gidan Patil, Parshya na rawa a ƙasa cikin taron maza, Archi na sama a baranda cikin mata, yana ɗaga kai tana leƙowa. Sama da ƙasa, ga shi nan an zana miki ba tare da an ce uffan ba, kuma a daren ne aka kama su.

Me ya sa aure ne wurin da abin ke fashewa, ba makaranta ko kasuwa ba? Parshya na aji ɗaya da ita, shi ne kyaftin na kurket, an bar shi ya shiga gidan biki ya yi rawa, duk wannan an yarda. Dakta Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin Indiya kuma shi kansa Dalit ne, wato waɗanda ake ajiyewa a can ƙasan tsarin har ana ƙyamar taɓa su, ɗan wannan yankin na masu yaren Marathi, tun a 1916 ya rubuta cewa abin da ke riƙe da tsarin jati shi ne auren cikin gida, kowa a nasa, daga baya a 1936 ya ce maganinsa na gaskiya shi ne auratayya. Kundin da ya fara aiki a 1950 ya haramta ƙyamar taɓa wani saboda asali a sashe na 17, dokar aure ta musamman ta 1954 ta ba kowane baligi dama ya auri wanda yake so a gaban rajistara, irin auren da su Archi suka yi kenan, amma wani babban binciken gidaje da aka yi a faɗin ƙasar a 2011 zuwa 2012 ya samu kusan kashi 5 cikin ɗari ne kacal na aure ke tsallake jati. Gona da suna da kujera duk ta hanyar aure suke gangarowa, shi ya sa ake tsaron 'ya mace kamar ƙofar rumbu.

Kuma ba manya kaɗai ke tsaron ba, wannan wurin ne ya fi ci min rai. Iyayen Parshya sun bar garinsu, ƙanwarsa ta rasa mai aure, ubansa ya tsaya gaban majalisar dattawan jatinsu, mutanensa na ƙasa irinsa, yana roƙo yana cewa ya cire hannunsa daga ɗan don a bar su su zauna cikin dangi. Wanda bai yi soyayya ba bai gudu ba shi ke durƙuso. Irin wannan wariya ta majalisun jati ta yi yawan da a shekarar da fim ɗin ya fita majalisar dokokin Maharashtra ta zartar da dokar haramta ta, jiha ta farko a Indiya da ta yi haka.

Ƙarshen kuma kin san shi. Shekaru sun wuce, sun samu ɗa Aakash, suna maganar sayen gida, Archi ta kira mahaifiyarta a waya don kewa ba ta taɓa sakinta ba, sai ga Prince da wasu dangi sun zo da tsaraba, ta rasa inda za ta sa kanta don murna, Parshya ya kawo musu shayi. Maƙwabciya ta fita da yaron, da ta dawo da shi ya shiga ya tarar da iyayen a cikin jini, ya fito yana kuka, an ɗauke sauti gaba ɗaya. Ba a nuna kisan ba, ba a nuna an kama kowa ba. A rubutunki kar ki ce ƙaddarar masoya ce, don wannan kisa ne da ake yi da sunan kare martabar gida kuma yana faruwa, wajen wata ɗaya da rabi kafin fitowar fim ɗin an sare wani matashi Dalit da rana tsaka a garin Udumalpet na jihar Tamil Nadu a gaban matarsa saboda ya auri 'yar sama da shi, kyamarar tsaro ta ɗauka duk ƙasar ta gani, a Maris 2018 kuma Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa ba dangi ko majalisar gargajiya da ke da hurumin shiga auren baligai biyu. Sannan ki sa fim ɗin a shekararsa, watanni kaɗan bayan fitarsa 'yan Maratha suka fara manyan jerin gwano na shiru a faɗin jihar, bayan fyaɗe da kisan wata yarinya tasu a ƙauyen Kopardi, suna neman a ware musu gurabe a aiki da makarantu, suna kuma neman a gyara dokar 1989 mai kare 'yan Dalit da 'yan ƙabilun daji daga cin zarafi. Ba fim ɗin ne ya jawo wannan ba, kar ki rubuta haka, amma yana nuna miki irin zafin da ake ciki lokacin da fim ɗin da aka kashe wa wajen rupi miliyan 40 ya tara sama da biliyan 1, na farko a yaren Marathi da ya kai nan.

In kina son hujja mai sauƙin nunawa malaminku, ki ajiye shi kusa da Dhadak na 2018, wanda kamfanin Karan Johar ya sake yi da Hindi. An mayar da labarin Udaipur, yaron ya zama ɗan masu gidan abinci, an taɓa maganar asali sama-sama an wuce, wahalar Kolkata, inda masoyan suka gudu, an yi mata kwalliya, ba majalisar jati ba uba mai durƙuso, yarinyar ma ba ta da wannan izzar da za a karɓe. Ki lissafa abin da aka cire, kusan duk abin da aka cire shi ne siyasar da kike nema.

Game da mu nan kuwa, ki yi taka-tsantsan. Muna da namu, kowa ya san gidajen da ake cewa a bincika asali, a ce ɗan mahauta ne ko ɗan wanzamai ko jikan bayi a fasa aure, ga auren dole da marubutanmu mata suka daɗe suna kuka a kai, wannan ne ma ya sa labarin ke taɓa mu. Amma ba daidai yake da jati ba, mu ba mu da tsarin da ya ce taɓa wani na sa ka ƙazantu, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi dacewar aure a addini da lafiya daga aibu ake dubawa ba a nasaba ba, wato masu hana auren a nan al'ada suke bi ba nassi ba. Sakin layi ɗaya ya isa wannan, kar ya cinye miki aikin.

Ki kuma faɗi inda fim ɗin ya gaza, sharhi ba yabo ba ne zalla. Salim da Pradeep, abokan da suka sa ransu a kan wannan soyayya, ɗaya Musulmi ɗaya gurgu, an ajiye su a hanya kusan ba a sake waiwayarsu ba, alhali su suka rage a garin da Tatya ke iko. Uwar Parshya da ƙanwarsa ba a ba su baki ba. Kuma zaƙin zangon farko ya yi ƙarfin da mutane da yawa waƙa da Bullet suka ɗauka suka bar sauran, wannan tambaya ce ta gaske da za ki iya jefawa, ko dabarar ta ci rabin saƙon. Kafin ki miƙa aikin ki nemi Fandry, fim ɗin Manjule na 2013, shi ma yaro ne ɗan ƙasan tsarin da ke son 'yar ajinsu, amma a can ko magana ba ta haɗa su ba, danginsa ne ake sa wa kamun alade a ƙauye gaban 'yan makarantarsu, kuma abin da Sairat ya lulluɓe da waƙa a can a fili ya faɗe shi.